Yadda na riƙe jakar gininmu daga fandisho har miƙa makulli

Mu huɗu ne muka haɗa jari, ni da yayana da abokan kasuwancinsa biyu, za mu gina bene na haya, fulat shida da shaguna a ƙasa ta gaba, sai aka ce tunda ni ke aikin lissafi a ofis toh ni zan riƙe jaka. Na yarda amma da sharaɗi, nace sai an ɗauki kwantiti sabeyo, wato mai ƙididdige kayan gini da kuɗinsu, don ni shigar kuɗi da fitarsu na sani, ban san buhun siminti nawa dekin ke ci ba. Yaya ya ja tsaki yace wannan ai ƙarin kashe kuɗi ne kawai, injiniya ya isa, amma sauran biyun suka goyi bayana. Wata mata aka haɗa mu da ita, Hajiya muke ce mata, ta daɗe a harkar, ba ta da yawan magana amma in ta buɗe takarda kowa shiru yake yi.

Ranar farko na je mata da wani zane da muka gani muka so, ko kallonsa ba ta yi ba. Tace "Malam, haya nawa kuke sa ran karɓa a shekara, kuma cikin shekara nawa kuke son uwar kuɗinku ta dawo?" Daga nan muka fara, daga ƙarshe muka taho baya. Ka ɗauki hayar shekara, ka cire watannin da wani ɗaki zai zauna ba kowa, ka cire gyare-gyare da haraji da la'adar mai kula da gida, abin da ya rage shine naka na gaskiya. Ka ninka shi da shekarun da za ka iya jira, ka cire kuɗin fili da na takardu, toh abin da ya saura shine gejin da ginin bai kamata ya wuce ba. Wannan adadin muka kai wa mai zane muka ce ya zana mana gidan da zai shiga cikinsa. Yawancin mutane akasin haka suke yi, a fara zana gidan da rai ke so sannan a zo ana neman inda za a samo kuɗinsa, kuma in gidan zamanka ne wannan ruwanka, amma in jari ne ɗan haya ba zai ƙara maka ko sisi don ka yi wa rufi ƙahonni ba.

Sai gwajin ƙasa, wanda shi ma sai da aka yi ja-in-ja a kansa. An haƙa wurare kaɗan aka kai samfur ɗakin gwaji, sakamakon ne injiniya ya yi amfani da shi ya fitar da irin fandishon da zai ɗauki benen. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da ginin gaba ɗaya.

Inda na fi daɗewa shine takardar ƙididdiga, wadda 'yan sait ke ce wa bi-o-kiyu. Hajiya ta ɗauki zanen mai zane da na injiniya ta warware ginin layi-layi, haƙa da kankare da kubik mita, rodi da kilo, ginin bulo da filasta da fenti da tayil da sikwaya mita, ƙofofi da tagogi da ƙidaya, kowane layi da yawansa da farashin guda da jimilla. Na roƙe ta ta koya min yadda zan iya duba wasu da kaina don kar in zama ɗan sa hannu kawai, ta ba ni 'yan lissafin da har yau suna kaina. Nauyin rodi a kowace mita, ka ninka kaurinsa da kansa ka raba da 162, kaga rodi 12mm ya zama kilo 0.888 kenan a mita, sanda ɗaya mai tsawon mita 12 ta kama kilo 10.7, ton ɗaya zai baka sanda 93 zuwa 94. Mai 16mm kuwa kilo 1.58 a mita, sanda 53 ko ƙasa da haka kaɗan a ton. Bulo mai tsawon 450mm da tsayin 225mm kusan guda 10 ke cika sikwaya mita ɗaya na bango. Kankaren da aka kwaɓa 1:2:4, siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, yana cin buhu shida da 'yan kai na kilo 50 a kubik mita ɗaya. Sai a ɗora kamar kashi 5 cikin 100 na ɓarna, don bulo na fashewa rodi na barin guntaye. Da wannan kaɗai in wani yace maka dekin ya ci buhu kaza, ka ɗauko tef da kalkuleta ka san ko maganar ta kama hankali.

Abin da ya fi ɗaure min kai shine shafukan farko na takardar, abubuwan da ba za ka taɓa nuna su da yatsa a jikin gini ba amma dole a biya su. Ruwan aiki, mai gadi, sito, ban-ɗakin ma'aikata, katakon hawa, hayar injin kwaɓa kankare, inshora, albashin fomen, kwashe shara, sannan a gefe ga kuɗin izinin gini, ga na mai zane da injiniya da ita kanta Hajiyar, ga jawo wuta da ruwa, katanga, get, sokawe, magudanar ruwa, daɓen tsakar gida. Duk wanda ya taɓa ce maka ya yi kiyasin gini a bayan ambulan, tambaye shi waɗannan, yawanci ba ko ɗaya a ciki. A ƙarshe ta sa kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, tace wannan na abin da ba mu sani ba ne, kar kowa ya ɗauka kuɗin canza ra'ayi ne, kuma ba a taɓa shi sai mu huɗun mun sa hannu.

Da aka tara jimilla sai ta haura gejinmu da kusan kashi 15. Nan aka yi zama mai zafi. Ɗaya daga cikin abokan Yaya yace a rage rodi a ƙara yashi mana, ai kowa haka yake yi, injiniya ya ɗago kai yace "Alhaji, in za a yi haka a cire sunana daga aikin." Shikenan aka rufe wannan babin, kuma ni ma ra'ayina kenan, duk abin da ke riƙe da gini ba wurin tsimi bane. Wurin tsimi yana cikin zane. Aka miƙar da rufin ya zama mai sauƙi maimakon mai lungu-lungu da ke cin katako da kwano kuma nan ne yoyo ke farawa, aka jera ban-ɗakuna da kicin na sama daidai kan na ƙasa don fayif ya sauka a miƙe, tagogi da suke girma kala bakwai aka mayar da su kala uku, aka cire wata baranda mai lanƙwasa da kafinta zai kwana yana haɗa mata katako, aka ɗan daidaita tazarar filoli don bim ɗin, wato kankaren da ke gicciye a kansu, su daina neman rodi mai kauri. Gidan bai rasa ɗaki ko ɗaya ba, kuma muka dawo cikin geji. Wannan duk a takarda aka yi shi da fensir da abin gogewa, da an bari sai an zuba kankare da guduma za a yi shi.

'Yan kwangila uku muka ba takardar iri ɗaya ba farashi a ciki, kowa ya cike nasa. Amfanin haka shine kana gwada abu ɗaya da abu ɗaya. Na farko ya fi kowa araha nesa ba kusa ba, har Yaya ya fara murna, Hajiya ta bi layi-layi ta nuna mana farashin da ya sa wa kankare ko kayan da ke ciki ba zai saya ba balle lebura, ga kuma layuka da ya bari ba komai. Tace irin wannan ko dai bai iya lissafi ba ko kuma ya iya sosai, yana so ya shiga sait ne tukuna sannan ya fara kawo ƙorafi ɗaya bayan ɗaya lokacin da korarsa ta fi barinsa tsada. Araha ba ta ado dai. Na biyu jimillarsa daidai take amma ya yi wata dabara, ya cusa farashi mai tsoka a haƙa da fandisho da dekin ya rage a filasta da fenti da tayil, ma'ana zai kwashe ribarsa tun a farkon aiki, in ya ga dama ya gudu a tsakiya kuɗin da ya rage a hannunka ba zai ishi wani ya ƙarasa ba. Wallahi da jimilla kawai na kalla da ban taɓa ganin wannan ba. Na ukun muka ɗauka bayan mun je mun ga gine-ginen da ya gama mun yi magana da masu su.

Yarjejeniya kuma kala-kala ce, akwai ta dunƙule wadda za a ce ga kuɗi kaza ka gama komai, akwai wadda ake sake auna aikin da aka yi a biya bisa farashin layi, akwai jinga inda kai ke sayen kaya shi aikin hannu kawai zai yi. Mu gauraya muka yi. Duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa za a sake aunawa tunda ba wanda ya san abin da ke ciki sai an haƙa, daga jaman fulo, wato daɓen kankaren da ake zubawa a kan fandisho, zuwa sama farashi a tsaye. Rodi da tayil da ƙofofi mu za mu saya mu ba shi. Siminti yana hannunsa amma aka rubuta farashin ranar sa hannu, in ya tashi ko ya sauka fiye da wani kaso za a daidaita bisa rasit, don in ka tilasta wa ɗan kwangila ya ɗauki haɗarin hauhawar farashi shi kaɗai, ko ya ɗora maka shi tun farko ko ya rama a ingancin aiki. Manyan ayyuka na duniya suna amfani da littattafan yarjejeniya na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara da aka kafa a 1913, namu ɗan ƙarami ne bai kai nan ba, amma Hajiya ta ɗebo ƙa'idojin ta sa mana cikin 'yan shafuka, wa ke ba da umarni, yaushe ake biya, me zai faru in an makara.

Kafin alƙalami mun ba shi amma sai da ya kawo takardar lamuni daga banki, wato banki ya tsaya masa a kan kuɗin, kuma ana cire shi kaɗan-kaɗan daga kowane biya. Duk ƙarshen wata Hajiya da fomen su zagaya da tef su auna abin da aka yi a zahiri, ta fitar da takardar shaida, a cire kashi 5 cikin 100 a riƙe, ni kuma in tura sauran. Ba na biyan komai don an kira ni an ce aiki zai tsaya gobe. Da farko ɗan kwangilar ya ɗauka taurin kai ne, da ya ga kuma duk takardar da ta fito ba ta kwana a hannuna sai ya saki jiki.

Littafina na mako-mako shine ainihin aikin da na yi a ginin nan. Kowane sashe na aiki yana da gida huɗu, abin da aka ware masa, abin da aka biya, abin da aka riga aka yi alƙawarin biya ko da kuɗin bai fita ba, da kuma abin da ake buƙata a ƙarasa shi a farashin yau. Gida na uku da na huɗu su ne mutane ba sa rubutawa. Mutum zai duba asusu ya ga kuɗi jibge ya ce alhamdulillahi muna da sauran numfashi, alhali an yi odar ƙofofi, mai alminiyon ya fara yanka, mai wayarin na bin bashin rabin aikinsa, kuɗin nan duk sun riga sun zama na wasu. Abokan tarayyata kullum tambayarsu nawa aka kashe, ni kuma kullum amsar da nake fara ba su ita ce nawa ya rage a gama, har suka saba.

Lokacin da aka zuba dekin farko lissafin ya tsorata ni. Mun kashe kashi 40 na kuɗin, amma da Hajiya ta auna aikin da ke ƙasa da farashin takarda sai ya kama kashi 35. Ka raba 35 da 40 ka samu 0.875, wato duk ɗarin da muka fitar aikin 87 da rabi take sayo mana, in aka ci gaba a haka ginin zai ƙare a wajen 114 maimakon 100. Na kira ta da daddare, tace in kwantar da hankali mu fara gano daga ina ratar ta fito, don akwai wadda ke maimaituwa akwai ta sau ɗaya. Da muka tona sai ga shi kashi 3 daga cikin 40 ɗin rodin bene ne da muka saya yana kwance a sito ba a ɗaura ba tukuna, kaga ya zama 35 a kan 37 kenan. Sauran kuma daga wata kusurwa ce ta baya inda aka tarar da tsohon rami da aka cike da shara, gwajin ƙasa bai faɗa kansa ba tunda wurare kaɗan ake haƙawa, dole aka zurfafa fandisho a wajen aka ƙara kankare. Wannan ba zai sake faruwa a sama ba, irinsa aka ajiye wa kuɗin ko-ta-kwana, muka sa hannu aka cira. Da ace ratar daga yawan simintin da ake ci a kowane kubik mita take, toh wannan ita ce mai bin ka har rufi.

Rigimar da ta fi kowace ita ce ta canjin aiki, kuma daga cikin gida ta fito. Yaya mutum ne mai son zuwa sait, ya tsaya ya kalli bango ya ce wa birkila wannan ƙofar a matsar da ita nan, birkila kuwa ya ga mai gida ba zai yi musu ba. Ƙofar da aka riga aka zuba wa linta, an binne fayif ɗin wuta a gefenta. Ƙarshen wata sai ga ɗan kwangila da takarda, fasawa, sabon linta, sake bin wayarin, kwana biyu na ma'aikata, kuma gaskiyarsa ce. Na same shi a gida nace "Yaya, don Allah ka yi haƙuri, kuɗin nan ba namu mu kaɗai bane, duk abin da kake so a canza ka faɗa min in kai wa Hajiya ta sa masa farashi da kwanakin da zai ƙara, in kowa ya yarda a yi." Ya yi fushi na ɗan lokaci yace yanzu ni zan hana shi magana a gininsa, amma dokar ta zauna, fomen ma aka gaya masa ba ya karɓar umarnin baki daga kowa har ni. Abin mamaki da zarar an rubuta wa mutum farashin sha'awarsa a takarda rabin buƙatun da kansu suke mutuwa. Wasu mun amince da su, kamar binne fayif na sola tun kafin filasta da ƙara girman tankin ruwa, tayil mai tsada da aka so a sa a matakala kuwa muka ce a'a.

Ba ƙananan masu gini kaɗai wannan ke ci ba. Gidan wasan opera na Sidni a Ostireliya an yi masa kiyasin kwatankwacin dalar ƙasar miliyan 7 a 1957, aka fara aiki a 1959 zane bai gama nuna ba, ba a buɗe shi ba sai 1973 bayan ya lashe miliyan 102. Bent Flyvbjerg, malamin da ya yi shekaru yana bin diddigin manyan ayyuka, ya nuna tara cikin goma suna wuce kasafinsu. In gwamnatoci da tarin ƙwararrunsu suna faɗawa ramin fara aiki kafin a gama shawara, ina ga mu.

Sai lokaci, wanda shi ma kuɗi ne ko da ba a ajiye bulo ɗaya ba. Mai gadi da fomen da hayar katako suna ci kullum, hayar da za a karɓa tana ja da baya. Akwai jiran da ba makawa, kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, ba ka cire turakun dekin don kana sauri, wannan an sa shi a jadawali tun farko. Wanda ya yi mana ciwo shine lokacin da ɗaya daga cikinmu ya makara da kasonsa daidai ana shirin rufi, aiki ya yi sanyi na wasu makonni, ɗan kwangila ya rubuto yana neman kuɗin zaman ma'aikatansa kuma yarjejeniya ta ba shi. Tun daga nan na koma fitar da jadawalin wata uku gaba, kowa ya san ranar da za a nemi kasonsa, don kashe kuɗin gini a hankali yake farawa, ya yi tsiri a tsakiya, kuma bai sauka da wuri kamar yadda ake zato. Mutane na ganin an yi rufi sai su ce an gama, alhali wayarin da famfo da silin da tayil da tagogi da fenti suna nan suna jira, kuma su ne kayan da farashinsu ya fi bambanta tsakanin mai kyau da na banza.

Sayen kaya da wuri ma sai da lura. Rodi mun saya da yawa lokaci ɗaya muka ɗora shi kan katako aka rufe, injiniya ya ba mai ɗaurin rodi jadawalin yanka don guntayen su ragu, kuma duk sandar da ta fita daga sito sai an rubuta inda za ta. Tayil ma gaba ɗaya muka ɗauka da ɗan ƙari saboda in ka koma daga baya launin ba lallai ya zo ɗaya ba. Siminti kuwa ba a tara shi, in ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, in danshi ya same shi ma ya zama dutse.

Da aka gama muka zagaya da Hajiya da injiniya ɗaki-ɗaki ana rubuta gyare-gyare, ƙofar da ba ta rufuwa, famfon da ke ɗiga, tayil mai ƙarar rami, aka gyara sannan muka karɓi makulli aka sakar masa rabin kuɗin da aka riƙe. Lissafin ƙarshe ya ɗauki zama da yawa, ya kawo buƙatunsa, wanda ke da takarda aka biya, wanda babu aka ajiye gefe, mu ma aka cire mana abin da aka soke daga aikin. Kuɗin ko-ta-kwana ya ƙare tas har mun haura geji da kusan kashi 4, mafi yawansa daga tashin siminti da wancan jinkirin, na sake buga lissafin dawowar jari ya ƙaru da 'yan watanni, na tura wa kowa da bayanin layi-layi. Sauran rabin kuɗin riƙon ya zauna a asusu har wata shida na lokacin gyara suka cika, a ciki ruwan sama ya tona wani yoyo a bakin tagar bene, ɗan kwangilar ya turo yaransa suka gyara ba tare da mun ƙara komai ba, Hajiya ta duba ta sa hannu a takardar ƙarshe na tura masa cikonsa.